Ɗanmaliki Mai Kanwa da Rediyo Mai Farauta

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Tsamiya, can ƙuryar ƙasar Bagudo inda taku kaɗan ke raba mutum da Benin, ya san rumfar Ɗanmaliki ko da bai san sunan mai ita ba. Ita ce ta ƙarshe a layin 'yan gishiri, buhunan kanwa jibge a gaba, igiyoyin shanu rataye a azara. Mai rumfar gajeren dattijo ne, baƙi, mai faffaɗan kunnuwa, zai auna maka kanwa ya ɗaure maka ba tare da ya ɓata kalma biyar ba. Matasan yanzu ɗauka suke haka Allah ya yi shi. Ba haka ba ne. Da can mutumin nan in ya buɗe baki sai kiran salla ke rufe shi, har laƙabi aka yi masa, ana ce masa Sashen Hausa.

An haife shi a wata tungar masunta kusa da Kende, gidan da kowane namiji ke tashi da taru a kafaɗa. Shi kuwa ya taso yana tsoron ruwa, abin da ba a taɓa ji ba a zuriyarsu. In aka sa shi cikin jirgi sai ya ƙanƙame gefe ya runtse ido, kifi ya zo ya wuce abinsa. Da ubansa ya gaji da shan kunya a bakin Kwara, sai ya miƙa shi ga wani kawunsa mai fataucin kanwa da gishiri, ya ce a tafi da shi tudu ko zai yi rana a can. Ya kuwa yi. Ya koyi Fillanci a bakin masu saye, ya koyi Dandanci a bakin masu kawowa, ya auri Tasallah, ya kafa rumfar kansa tun bai cika shekara talatin ba.

Rediyonsa na farko ya saye shi ne shekarar ƙarin albashin Udoji, irin mai allurar nan da ake murɗawa a hankali. Tun daga ranar ba a sake ganinsa da hannu biyu a sake ba, ɗaya na awo, ɗaya na riƙe da rediyo a kunne. Ya san lokacin buɗewar Landan da Jamus da Amurka da Sin kamar yadda ya san lokutan salla. Yana da wani littafi mai baƙin bango inda yake rubuta sunan kowace tasha da mitar da ya kama ta, cikin ajami. Kuma ba labarai kaɗai yake bi ba. Abin da ya fi yi masa daɗi shi ne neman, ya yi ta lallaɓa allura cikin shuuu har wata murya ta ɓullo daga ƙasar da bai sani ba, da harshen da bai taɓa ji ba, ya zauna ya saurare ta har ta gama yana gyaɗa kai. In batir ya yi sanyi ya shanya shi a kan kwanon rumfa, ya ce rana za ta ƙara masa kwana biyu. Ba ya shan taba, goro ma sai an ba shi, kuɗin batir ne kaɗai ɓarnarsa a duniya.

Babban amininsa kuwa mutum ne da ba ruwansa da duk wannan. Gidaɗo Bafillace ne daga wata ruga yamma da gari, dogo, siriri, mai kallon ƙasa in ana magana. Tun suna samari ya fara sayen kanwar shanu a wurinsa, daga nan ya zama duk ranar kasuwa sai ya jingine sandarsa ya zauna a kan buhu, Ɗanmaliki ya yi ta zuba masa labarin duniya, shi kuma ya ce "to" sau uku ko huɗu kafin la'asar. Shanun Ɗanmaliki guda biyu a garken Gidaɗo suke kiwo, man shanun gidan Tasallah daga rugar yake zuwa. Ko a cikin Fulani an san Gidaɗo da kunya da kara. A al'adarsu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane, kuma wanda ya yi hakan ya zubar da girmansa. Wasu sun sassauta, Gidaɗo bai sassauta ba. Shekara ashirin da takwas da haihuwar ɗansa Bunyaminu, Ɗanmaliki bai taɓa jin sunan a bakinsa ba. In dole ta kama sai ya ce "wancan na wajen Goggo", don kakarsa ce ta raine shi. In Bunyaminu ya shigo rumfar, uban sai ya miƙe ya tafi duba igiyoyi.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a Kabi, aka rufe gidan giyar bayan tasha, 'yan karta suka watse. Masu ƙarfin hali suka riƙa tsallakawa Segbana ta cikin Benin, sauran kuma suka rasa inda za su kai yammacinsu sai gindin ceɗiyar ƙofar masallaci. Nan kasuwar Ɗanmaliki ta buɗe. Bayan la'asar ya zauna a tsakiya da rediyonsa, ana ji yana fassarawa, yana ƙarawa da nasa. Yakan ce a duk abubuwan ɗebe kewa sauraro ne kaɗai bai ji malamin da ya hana ba, muddin in an sako kiɗa ka wuce. Sai dai rediyon ya tsufa. Allura ta saki, Landan na cikin magana sai wata tashar Faransanci ta hau kanta ta zauna. A majalisar akwai Ango, ɗan kabu-kabu, tsohon ɗan karta wanda aka raba hannunsa da aiki aka bar masa baki. Kullum sai ya tambaya ko yau ma Landan ta tafi hutu. Ana cikin haka wani direban Kwatano ya ba da labarin sabon rediyo mai lambobi, wanda ba allura, ka danna lamba tasha ta fito tsaf. Kafin sati Ɗanmaliki ya sayar da ragon da yake turkawa.

Malambil ya nufa, babbar kasuwar Benin ta bakin kogi. Ya bi ta Lolo a mota, ya sha kewaye da ramuka, don kada ƙafarsa ta taka jirgi. Aka kwatanta masa shagon wani Badande mai sayar da kayan wuta na gwanjo. Mutumin ya fara fito masa da wani ƙato mai kaset da fitilu, Ɗanmaliki ko taɓawa bai yi ba, ya ce shi ba ɗakin amarya ya zo yi wa kaya ba. Na biyun shi ne abin da ya zo nema: madaidaici, mai gilashi da lambobi, mai kama gajeren zango, yana riƙe tasha ashirin a kansa. Ɗanmaliki ya buɗe littafinsa, ya yi ta kiran mita mai shago na dannawa, kowace ta fito garau kamar mai maganar na cikin shagon. Ya juya shi, ya duba gidan batir ko ya yi tsatsa, ya ja eriya ya mayar, ya kara a kunnen dama ya kara a na hagu. Har sun fara ciniki.

Sai idonsa ya faɗa kan wani baƙin abu a ƙuryar kanta, mai gajeriyar eriya ta roba, mai kama da oba-obar 'yan sanda. Mai shago ya ce wannan sikana ake ce masa, a cikin wata motar gwanjo aka tsince shi a tashar jiragen Kwatano, shekara guda ke nan ba wanda ya taya. Ya ce shi ba a nema masa tasha, da kansa yake farauta. Ya danna wani maɓalli, lambobi suka ruga a guje, can suka tsaya cak, sai ga wani matuƙin jirgin sama yana magana daga cikin gajimare. Ya sake dannawa, suka sake gudu, suka tsaya a kan masu gadin gada suna oba-oba da Faransanci. Shekara kusan talatin Ɗanmaliki yana lallaɓa allura da yatsa, ashe akwai wanda ke yin aikin a cikin ƙiftawar ido.

Badanden mutum ne mai tsoron Allah, bai ɓoye masa komai ba. Ya ce muryarsa ƙarama ce, yana cin batir, kuma Landan ba ta fita a cikinsa kamar yadda take fita a ɗayan.

"Malam, wancan shi ad daidai da kai," in ji shi. "Wanga yana jin abin da ba a aiko mai ba."

Ɗanmaliki ya tafi ya yi azahar, ya ci shinkafa a bakin tasha, ya dawo ya zauna tsakanin rediyo biyu, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan, har mai shago ya gaji ya koma hira da maƙwabcinsa. Dattijo mai shekara hamsin da biyar, an faɗa masa gaskiya a fili, amma kalmar da aka yi don ta tsorata shi ita ce ta ƙara masa kwaɗayi. Ya bar abin da ya zo nema ya ɗauki mai farauta. Ya cusa shi cikin buhun garin rogo don kada a ɗauka oba-oba ce a kan iyaka, ya kamo hanyar gida yana ta murmushi shi kaɗai.

Makonnin farko bai cuci kowa ba. Ya ji jiragen da ke wucewa Yamai, ya ji direbobin motocin auduga na Benin suna zagin juna, ya buɗe sabon shafi a littafinsa. Matsalar ta fito ne daga shagon Shamsuddeen. A lokacin salula ba ta iso Tsamiya ba. Shamsu, wani matashi mai dabara, ya kafa dogon ƙarfe da eriya a bayan shagonsa na bakin tasha, yana jawo layin waya ta iska daga wani gida a cikin Benin. Ya keɓe wani ɗan ɗaki mai ƙofar langa-langa, mai son magana ya shiga ya rufe, Shamsu ya fita waje ya ba shi wuri. Kowa ya yarda abin da aka faɗa a ɗakin nan daga kai sai Allah sai wanda ka kira. Wata rana da hantsi lambobin rediyon Ɗanmaliki suka tsaya a kan muryar wata mata da ya sani sarai, tana yi wa mijinta na Kwatano ƙorafin uwarsa, da muryar mijin yana ba ta haƙuri, duka biyun tar.

Ya shiga gida yana dariya ya ba Tasallah labari. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye tankaɗen da take yi ta dube shi.

"Malam, wanga ba sauraren rediyo na ba. Laɓe na."

Ya ce ai shi bai je ƙofar kowa ba, maganar ce ta iske shi a cikin gidansa. Ta ce in zanen maƙwabciya iska ta kwaso ta jefo gidan nan, ba ɗaurawa za ta yi ba. Ya ga gaskiyarta, ya yi alkawarin ba zai ƙara ba. Amma bai goge wurin ba, ya adana shi a lamba bakwai, yana ce wa kansa don ya san inda zai riƙa kaucewa ne.

A cikin kwanakin nan ne labari ya zo cewa wani bijimin sa ya soki Bunyaminu a ciki, can dajin Benin inda ya kai shanu, an kwashe shi zuwa wani asibiti a Kandi. Gidaɗo bai je ba. Ƙanensa ya tura, don jinyar ɗan fari ta baffanni ce. Ranar kasuwa ya zo rumfa kamar kullum, Ɗanmaliki ya yi masa jaje, ya amsa da "to" ya tambayi farashin jar kanwa.

Kwana biyu bayan haka, bayan la'asar, majalisar ceɗiya ta cika, mutum goma sha wani abu. Ɗanmaliki na ta fama da mai farauta, yana kama musu Faransanci yana saki, Landan kuwa sai can ƙasa-ƙasa. Ango ya miƙe ƙafa a kan babur ɗinsa.

"Baba Sashen Hausa, rago sukutum kas saida, kas sawo muna abin da ka yi muna Faransanci? Ni dai ban ga inda yaf fi tsohon ba."

Aka yi dariya. Ba wata dariya ce mai zafi ba, ya sha waɗanda suka fi ta. Amma ran nan ta same shi. Ya ce wa Ango ya matso ya ji abin da ubansa bai taɓa ji ba, ya ƙure murya, ya danna bakwai.

Fillanci ne ya fito. Wani daga nesa yana cewa ya ari salular wani ma'aikacin asibiti, ga shi zai kara wa marar lafiya a kunne, a yi magana, yana ji ko da ba ya iya amsawa sosai. Sai wata murya ta kusa, wadda kowa a gindin ceɗiyar ya sani, ta ce, "Bunyaminu."

Fiye da rabin majalisar suna jin Fillanci, sauran ma ba su buƙaci tafinta ba. Gidaɗo ya sake kiran sunan, ya kuma kira na uku, a hankali, kamar mai koyon faɗarsa. Ya ce shi ne, babansa. Ya ce tun ranar da ya fita da shanu yake ƙirga kwanaki. Ya ce ranar da aka haife shi ya zagaya bayan bukka cikin ruwan sama ya leƙa ta kafar zana ya gan shi, bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya ce duk garken nan don shi ya tara, in ya tashi ya dawo ba zai sake tura shi daji ba. Daga nan muryar ta karye, dattijon da ba a taɓa ganin haƙoransa a kasuwa ba ya fashe da kuka.

Babban yatsan Ɗanmaliki na kan maɓallin kashewa tun daga sunan farko. Wannan shi ne abin da bai taɓa iya yi wa kansa bayani ba. Ya gane muryar kafin kowa, ya san abin da yake yi, ya san wanda yake yi wa. Amma ga majalisa ta yi tsit, ga wuyan kowa ya miƙo wajen hannunsa, ga Ango baki buɗe, sai ya ji wani mugun daɗi ya riƙe masa yatsa. Ya bar shi a kunne tsawon abin da mutum zai yi alwala ya gama. Sai da kukan ya tsaya, aka ji ƙarar ƙofar langa-langa, can ɗaya gefen kuma marar lafiya ya ja wani dogon numfashi, sannan kunyar ta sauko masa gaba ɗaya ya kashe. Ba wanda ya dubi wani. Wani tsoho ya ce astagfirullah ya tashi ya shiga masallaci tun ba a kira ba.

Ba a jima ba sai ga Gidaɗo ya ɓullo daga wajen tasha, sanda a kafaɗa, fuska a bushe. Ya yi musu sallama, suka amsa kowa na kallon takalminsa. Ya tsaya ya gaisa da Ɗanmaliki daban, ya tambayi mutanen gida, ya wuce. Ɗanmaliki ya tura rediyon ƙarƙashin riga, yana jin sanyinsa a cinya, ya so ƙasa ta tsage.

Ya bi su ɗaya-ɗaya yana roƙon a bar maganar a nan. Kowa ya ce ai ba komai, kuma kowa ya gaya wa mutum ɗaya. Kafin ranar kasuwa 'yan kabu-kabu sun samu abin wasa, in Bafillace ya gifta sai wani ya maƙale murya ya ce "Bunyaminu" da kukan ƙarya. Har faɗa aka yi a bakin tasha. Mutane suka daina shiga ɗakin Shamsu, ya zo rumfa ya faɗa wa Ɗanmaliki maganganun da ɗan cikinsa bai isa ya faɗa masa ba, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya shanye. Tasallah ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ɗauke rediyon ta sa a ƙasan adaka, ta ci gaba da kai masa tuwo ba ta zama. Kwana huɗu da yin wayar Bunyaminu ya rasu, aka binne shi a Kandi.

Ɗanmaliki ya je ruga ta'aziyya da nufin ya durƙusa ya nemi gafara. Ya tarar da Gidaɗo zaune can gefe, ƙannensa ne ke karɓar gaisuwa, shi kamar baƙon da ya zo taya su zama. A nan ya gane ramin da ya faɗa. Ba yadda zai ce ka yafe mini sai ya faɗi abin da za a yafe, in kuwa ya faɗa, ya tabbatar wa mutumin a gaban idonsa cewa ya ji shi yana kiran sunan ɗansa yana kuka. Neman gafarar ma wani tonon silili ne. Ya yi addu'a ya shafa ya dawo da maganarsa a ciki. Ya kai wa liman matsalar, liman ya ce haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, istigfari kaɗai ba ya ɗauke shi. Ya tambaya to yaya ake roƙon wanda roƙon zai ƙara wa ciwo. Liman ya daɗe yana jan carbi, ya ce shi ma bai sani ba.

Gidaɗo ya daina zuwa kasuwa. Da ya ma daina sayen kanwa a wurinsa da Ɗanmaliki ya fi samun sauƙi, amma duk mako sai ya aiko ƙanensa, rumfar dai, mudun dai, man shanu kuma bai fasa isowa gidan Tasallah ba. Wata biyu aka yi a haka. Ɗanmaliki ya rame, ya bar zuwa ceɗiya, yana gama salla ya zame ta ƙofar baya.

Wata ranar kasuwa da sassafe, tun masu rumfuna na shara, ya ɗaga kai ya ga Gidaɗo tsaye. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida da shanu da gajiya da sanyi. Gidaɗo ya zaɓi buhun kanwa guda, ya ce jakinsa na can bayan kasuwa wajen kukoki, ko zai kama masa. Suka ɗauka, mutum biyu masu furfura, suna tafiya suna hutawa, har suka wuce rumfa ta ƙarshe. Suka ɗora wa jaki. Gidaɗo ya zagaya ɗaya gefen yana ɗaure igiya, buhun ya shiga tsakaninsu, ba mai ganin fuskar wani.

"An ce kun jiya," in ji Gidaɗo.

Ɗanmaliki ya buɗe baki, gafarar da ya yi wata biyu yana shiryawa ta taso, amma Gidaɗo bai ba shi wuri ba. Ya ci gaba da magana da igiyar a hannunsa. Ya ce ran nan yana cikin magana mai shagon wayar ya turo ƙofa, yana tsammani an gama. Da ya ga mutum a kansa sai ya sauke wayar daga kunne ya juya baya yana goge fuska. Kafin ya mayar, layin ya yanke. Ƙanensa kuma ya ce shi da ya kara wayar ya bar wani da ba ya jin Fillanci ya riƙe, ya fita daga ɗakin don ya ba su wuri.

"An ce naka yana kama baki biyu, na nan da na can." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Shi wancan, mi yac ce?"

Sai a lokacin Ɗanmaliki ya gane abin da ya kawo shi. Mutumin nan ya san an yi dariyarsa a tasha, ya san a hannun wa abin ya fito, ya haɗiye duk wannan ya tako tun daga ruga, don a duk duniya nan ne kaɗai yake sa ran samun maganar ɗansa ta ƙarshe. Ƙarya ta zo wa Ɗanmaliki har bakin harshe, a shirye, mai kyau: ya ce ka yafe masa, ya ce yana gaishe ka. Ba mai ƙaryata shi. Amma ya ga ya riga ya saci maganar uban, ba zai kuma sa wa mamaci magana a baki ba.

"Ban jiya ba, Gidaɗo. Na kashe."

"Ka kashe."

"Ya ja numfashi za shi magana. Nan nik kashe."

Jakin ya kaɗa kunne, ya taka gaba, Gidaɗo ya riƙe shi.

"Ya ja numfashi," ya ce a hankali. "To ashe ya ji ni."

Ya ɗauki sandarsa, ya ce a gaida Tasallah, ya kora jakinsa. Da kaka ta yi ya aiko da shanun Ɗanmaliki guda biyu tare da ɗan maraƙin da suka haifa, ya tashi da rugarsa ya tsallaka Benin, bai sake cin kasuwar Tsamiya ba. Ɗanmaliki bai samu ya ce a yafe masa ba. Abin da ya fi ci masa rai har yau shi ne, duk maganar da ba tasa ba ya tsaya ya saurara har ya ƙoshi, guda ɗayar da amininsa ya zo nema a wurinsa kuma ita ce ya kashe.